Kabo da Tayar Harawa

Duk wanda ya tashi a Gafasa zamanin dalar gyaɗa ya san Kabo ɗan koli. Shi kekensa ba ya bin hanyar mota. Burtali yake bi, hanyar shanu ta tsakanin gonaki, har ya ɓulla Gaya.

Wata rana da kaka maciji ya sari 'yarsa Lauratu. Kabo ya goya ta da rawaninsa, ya hau keke ya nufi asibiti a Gaya. Ashe manoma sun yi shingen ƙaya saboda shanu, ƙayar ta zube a burtalin. Tayar baya ta sace. Ga ƙafar yarinya tana kumbura, ga famfon keke an baro a gida.

"Baba, sanyi nake ji," in ji Lauratu.

Kabo ya faɗa gonar wata tsohuwa yana yagar harawar gyaɗa.

"Kai, ɓarawo da rana tsaka!" in ji tsohuwar. Da ta hango ƙafar yarinyar, sai ta durƙusa suna cusa harawar cikin taya tare.

Haka keken ya yi ta ɗingishi har Gaya, Lauratu kuwa ta rayu. Har tsohuwar ta rasu, in Kabo ya biyo sai ta ce, "Ɓarawona, ina jikata?"