Dutsen Ƙanƙara a Zauren Goggo

Aikina gyaran injin ban ruwa ne a fadamar Taloka. Ban yi boko ba. Ruwan Rima ya ci gidana sau biyu, na sake gini, ban tsaya ba kowa labari ba. Wannan ma don taubashina yana ba da shi a karkace ne nake faɗa.

Taubashin nawa ɗan goggona ne, malamin makaranta a Rabah. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Yana ce mini injiniyan laka, ina ce masa mai alli.

Autan goggo ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, can matarsa ta haihu. Aka shirya ranar suna zai kira ta bidiyo bayan azahar, a ɗan hutun da ake ba shi wurin aiki, ya nuna jariri. Goggo idonta ya yi rauni. In an miƙa mata waya kunne take kai ta, don ba ta ganin komai a ciki. Ta ce murya ta ishe ta haka, fuskar ɗanta take so ta gani kafin idon ya rufe.

Taubashi ya zo da kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya, ya aro manyan talabijin biyu. Ɗaya a zaure don maza, ɗaya a cikin gida don mata, don goggo ba ta zama cikin maza ko wa za a nuna. Ni janareta kawai aka kira ni in kula da shi.

Ta zaure ta kama nan take. Ta cikin gida baƙi ƙirin. Ya danna nan, ya danna can, ya cire hula.

Na ce, "Mai alli, mi ya hwaru?"

"Ba ta ganin ta biyun."

"Wa?"

"Kwamhutar."

"Ita ma idon nata ya yi rauni?"

"Koma wurin janaretanka, don Allah."

Ban koma ba. Na bi wayar da hannu kamar yadda nake bin tiyo. Daga zaure ta ratsa tsakar gida, ta zaga bayan rumbu, har ƙofar ɗakin goggo. Waya uku ce aka haɗa baki da baki. Ban san kwamfuta ba, amma na san tiyo mai tsawo da haɗi biyu ba ya kai ruwa ƙarshen gona. Na yi sallama, na sungumi talabijin na ajiye ta a inuwar bayan zaure. Na zaro waya ɗaya na zura ta taga. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, allon ya ƙifta, haske ya zo. Mata suka jawo tabarmi.

Taubashi ya ce, "Dama abin da nike shirin yi ke nan."

"Na sani. Hular ce ta tare ka."

Kira ya shigo. Ga auta a talabijin ɗin zaure, ya yi ƙiba, da jariri a hannu. Maza suka ɗauki barka da addu'a. Ta taga muna jin mata suna ta "ikon Allah", muka ɗauka su ma suna gani.

Can sai taubashi ya ɓatar da 'yar kibiyar da yake nuni da ita. Yana laluben ta, matarsa ta ɗaga murya daga ciki: "Malam, wani hwarin ƙwaro na yawo bisa dutsen ga!"

"Wane dutse?"

Na zaga. Babu auta a talabijin ɗin mata. Wani ƙaton dutse ne da ƙanƙara a kansa, hoton da ke zama a kwamfutar in ba a buɗe komai ba. Shi suke kallo tun ɗazu. Wata tana cewa ashe nan yake zaune, dole mura ta dame shi. Goggo tana gaba, hancinta ya kusa taɓa gilashin.

Ta ce, "Ɗan nan, ina jin murya tai, ban gan shi ba. Ko idon ne ya ƙarasa?"

Shi ya sa ba ta yi magana ba. Ta ɗauka kowa yana ganinsa, ita ce kawai.

"Idonki lahiya lau, Goggo. Ɗanki mai alli ne ya aje ki gaban dutse."

Na koma zaure. Auta yana cewa hutunsa ya kusa ƙarewa. Taubashi yana neman wurin da ake sa talabijin biyu su nuna abu ɗaya, yana buɗe wannan yana rufe wancan, zufa har gemu.

Na ce, "Kibiyar ga, ta ina ta bi ta shiga wurin mata?"

"Ta gefen dama."

"To kamar fangali biyu ne na gona, akwai kafar ruwa tsakaninsu. Kama yaron ka ja shi inda ta bi."

Ya dube ni, ya ja. Muna kallo auta ya zame gefe, rabin fuska, kunne ɗaya, ya ɓace. Guɗa ta tashi a cikin gida.

Wani dattijo ya ce, "Mu hwa?"

Na ce, "Baba, kun gani. Ga dutse nan, ku ma ku sha."

Maza suka zauna gaban irin dutsen da mata suka gama kallo, ba wanda ya tashi. Ta taga muka ji goggo tana yi wa auta faɗa a kan gemun da ya tara. Ta ce a matso da jariri. Da aka matso da shi, ta ce kunnuwan na marigayi mijinta ne, ba tambaya.

Taubashi ya gano wurin da yake nema bayan an kashe kira. Ya nuna mini. Na ce ya adana, wani sunan na zuwa.

Idon goggo ya rufe damina biyu bayan nan. Har yau in an ambaci jikan nata, sai ta kwatanta kunnuwan da yatsa.