Ƙarfen da Aka Danne Faifai da Shi

An kori Malam Gana daga rumfarsa ta layin makanikai a kan laifin da bai yi ba. Ranar kasuwa, bayan la'asar, shugaban layin, Ɗan Iya, ya ɗauki lasifika ya shelanta cewa aikin Gana ne ya ƙone motar Alhaji Abdulkabir, kuma daga ranar kada wanda ya ƙara kai masa ko da keke. Shekara ashirin da shida bawan Allahn nan ya yi a wannan rumfa, a wata 'yar kasuwa da ke kan hanyar Zakirai, amma ko minti biyar ba a ba shi ya kare kansa ba.

Kakan Gana daga Borno ya zo fatauci, ya ga ƙasar noma ya zauna. Shi Gana bai gaji awo ba, bai gaji fartanya ba, ƙarfe ne ya ja shi. Ya yi shekara tara a birni yana koyon gyaran mota, ya dawo da akwatin sifana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. In zai daidaita inji, sai ya sa guntun tiyo a kunne, ɗaya bakin a maƙogwaron kafireto, inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji, ya lumshe ido yana saurare.

Direbobi su ce, "Likita, me za ta haifa?"

Ya ce, "In kun yi shiru ta gaya min."

Alhaji Abdulkabir dillalin gyaɗa ne. Da injin tsohuwar a-kori-kurarsa ya mutu, ya sayo wani na Kwatano, sai ga shi da kafireto biyu. Duk layin suka ce a cire ɗaya a huta. Gana kaɗai ya ce a bar su, motar da ke shiga yashi da buhu talatin tana bukatar numfashi. Kwana uku ya yi a kanta. Ya ja tiyo ɗaya daga tanki, ya bi da shi ta filta, ya shiga famfon mai na lantarki. A gaban famfon ya ɗaura wani ɗan ƙarfe kamar dunƙulen hannu, wanda suke kira regileta, aikinsa rage ƙarfin mai. Daga nan ne ya raba tiyon gida biyu, ya gwada tsawonsu da zare don kada wani kafireto ya fi wani samu. Baƙin tiyo na mai ya sa, ya ɗaure kowane baki da kilif, ya janye shi nesa da salansa. Ya juya regileta har allurar awo ta tsaya a kan uku, sannan ya ɗauki ƙusa ya buga mata ɗigo uku a jiki, alamar da yake yi wa duk abin da ya fito daga hannunsa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ɗan ƙarfen kada a taɓa shi. Kafireto ba ya son ɗura. In famfo ya matsa masa, mai zai tumbatsa ya zubo a kan salansa, sauran kuma ka sani."

Damina biyu motar ta yi tana aiki lafiya. A kaka ta uku, tana fitowa daga gona da rana tsaka, wuta ta tashi a gabanta. Direba ya tsira, manoma suka janye rabin buhunan, sauran suka tafi.

Abu ɗaya Gana ya roƙa a gaban Ɗan Iya: "A je a buɗe gaban motar. Ƙarfe ba ya zama toka. In regiletar tana nan, na yarda."

Ɗan Iya ya ce, "Tun farko mun ce maka kafireto biyu fitina ce, ka nuna ka fi mu sani."

Ko mutum ɗaya bai taka ya je ya duba ba, alhali motar tana yashe a bakin hanya, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba.

Gana ya kwashe kayansa ya koma gindin darbejiyar ƙofar gidansa, yana gyaran injin ban ruwa da na markaɗe. Bai zagi kowa ba, amma ya rame. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suke sauya hanya in sun hango shi.

Wata huɗu ana haka, matarsa Amsa ta je suna gidan Alhaji Abdulkabir. Ta je ɗiban ruwa a randa, sai ta ga abin da aka danne faifan da shi don kada kaji su ture. Ta juya shi, ga ɗigo uku, alamar mijinta.

Ta ce, "Hajiya, wannan fa daga ina?"

Matar gidan ta ce, "Tarkacen Alhaji ne. A tasha aka ce masa shi yake shaƙe mai, ya hana mota gudu, ya sa aka cire. Har tiyon ya canja, ya sa irin farin nan na 'yan bumburutu, wai yana son ganin mai yana tafiya da idonsa."

Amsa ta ce, "To, ara min shi, in samo miki dutse."

Da aka nuna wa Alhaji ƙarfen, ya ji kunya, kuma a yaba masa, bai yi gardama ba. Washegari da hantsi ya zo gindin darbejiya da sabuwar motar da ya saya, ya tsuguna a gaban mutum huɗu ya ce, "Malam Gana, ni na ɓata aikinka, kuma na yi shiru aka ɗora maka. Ka yafe min."

Gana ya laluba aljihu ya ciro guntun tiyonsa. Ya ce, "Allah ya yafe mana. Tayar da ita in ji."

Yau motoci har layi suke yi a ƙofar gidan, wasu daga Ungogo ake turo su. Gana ya mayar da jikinsa, ana ta tsokanarsa da Likita kamar da. Amma rumfarsa tana nan da kwaɗo, kuma da aka kai wa Ɗan Iya regiletar, cewa ya yi magana ta wuce, a bar tone-tone.

Ba ta wuce ba, Ɗan Iya. Kai da dattawan layin da suka gyaɗa maka kai, ku cire kwaɗon nan ku mayar wa mutum rumfarsa. Kuma ba a ɗaki za ku ba shi haƙuri ba. Ranar kasuwa kuka ɓata shi, bayan la'asar, da lasifika. Ku ɗauko lasifikar nan, a ranar, a lokacin, ku gaya wa jama'a cewa aikin Malam Gana bai ƙone motar kowa ba.