Mai Askin da Ƙanwarsa Ta Sa a Littafi

Shagon askin yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai madubi mai tsaga a kusurwa, bencin masu jira, da fankar da in ta fara juyi sai ka ce tari take. A nan mai askin ya yi samartakarsa, a nan furfura ta riske shi. Hannunsa da sauƙi, kuma bai taɓa yankar kowa ba. Wannan ya kamata a sani tun yanzu, domin yau in ka tambayi mutanen layin, akasin haka za su gaya maka.

Mutum in aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ga ba fuskar da yake kallo sai tasa, bakinsa kan saki. Mai askin ya ji abin da mata ba su ji daga mazajensu ba, ya ji abin da likita bai ji ba. Kuma bai taɓa kai maganar wani wurin wani ba, ban da wuri guda: ɗakin mahaifiyarsa.

Inna ta makance, ƙafafu kuma suka zaunar da ita. Kullum da yamma idan ya rufe shago, kafin ya leƙa iyalinsa, ɗakinta yake fara shiga. Da ta ji ƙamshin hodar aski sai ta gyara zama.

"Babba, yau wa ya zo?"

Ba ya kama suna. "Wani direba," ko "wani mai shago," shi ke nan. Amma yana kwaikwayon murya, da tari, da yadda mutum ke jan numfashi kafin ya faɗi abin kunya. Inna ta yi dariya har da hawaye, wani lokacin ta yi tsaki ta yanke hukunci. Ta bakinsa kaɗai take fita daga ɗakin nan.

A gefen gadon kuwa kullum akwai Auta, ƙanwarsa, malamar makaranta, wadda ke kwana da Inna, ita ke mata wanka da ba ta magani. Tana matsa wa tsohuwar ƙafa, ba ta sa baki. Bai taɓa ganin ta da biro a ɗakin ba, shi ya sa bai taɓa jin tsoronta ba.

Littafin da Auta ta rubuta ya fara fitowa ne gutsure-gutsure a waya, daga baya aka buga shi, har aka karanta shi a rediyo. Labarin wani mai aski ne da ake wa laƙabi da Gidan Rediyo, sarkin surutu, wanda garin zuba ya gutsure wa wani mutum kunne. Duk babi mutum ɗaya ne ke zama a kujerarsa ya zazzage cikinsa. Masu sharhi suka ce an daɗe ba a ga littafin da mutanensa ke numfashi haka ba.

Da farko abin dariya ne. Mai fenti kan leƙo da safe.

"Gidan Rediyo! Yaushe za a sa mana labaran duniya?"

"Shigo in fara da kunnenka tukuna."

Har ya sayi littafin ya ajiye a kan shiryayye kusa da man gashi, yana nuna wa baƙi: ƙanwata ce ta rubuta.

Sai maganar Direba ta taso. Direba abokinsa ne tun suna samari, yana jan motar wani kamfani, kuma a wannan kujerar ya taɓa gaya masa cewa idonsa na hagu ya fara dushewa, yana ɓoyewa don kada a raba shi da aiki. A babi na uku akwai direba mai ido ɗaya. Wani a kamfanin ya saurari rediyo, aka kira Direba gwajin ido, aka karɓi makullin mota. Bai zo ya yi faɗa ba. Daina zuwa ya yi. Yakan wuce ta ɗaya gefen titi, mai askin yana hango ƙeyarsa, layin askin a karkace, aikin wani hannu.

Ran nan ya tare Auta a bakin famfo tana wanke kwanukan Inna.

"Kin kashe wa bawan Allah aiki."

"Yaya, na canja shi fa. A littafin idon dama ne. Na sa masa gemu, na mai da motarsa tanka."

"Tarin fa? Tarin da yake yi kafin ya yi magana?"

Ta ajiye soso. "In na cire tarin, mutumin ya mutu a takarda. Ba wanda zai yarda da shi."

"Gara ya mutu a takarda da ya mutu a gidansa!"

Ta yi kuka, ta ce za ta je ta ba Direba haƙuri, ta kuma je. Bai fito ba. Littafin kuwa ya riga ya shiga hannun mutane, ba a kiransa ya dawo.

Shagon bai mutu ba, sauya hali ya yi. Tsofaffin abokan ciniki suna zuwa, don babu mai hannunsa a layin, amma sai su zauna su rufe ido. In ya ce ya gida, su ce lafiya. In ya ce ya aiki, su ce da godiya. Waɗanda ke magana sababbi ne, samarin da ke zuwa da labarin da suka tsara tun daga gida, su ƙare da "ka gaya wa Anti ta sa ni, amma ta yi ni dogo." Wasu su dafe kunne suna dariya tun kafin ya kunna inji. Ya yi tunanin tashi daga layin, amma sunan ya riga shi zuwa ko'ina, kuma bai iya wata sana'a ba.

A gida ya gwada yin shiru. Inna ta ce wa ya zo, ya ce ba kowa. Kwana kaɗan ta fara juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske. Ya ce wa Auta ta riƙa fita in ya shigo. Ta fita, amma Inna ba ta minti biyu ba ta kira ta ba: gyara min matashi, miƙo ruwa, ƙafata. Bangon ɗakin kuma ko atishawa ba ya tarewa.

Matarsa ce ta ce masa, "To kai dole sai gaskiya? Tsohuwa labari take so. Ƙirƙiro mata."

Haka ya fara. Yana aski yana gina mutanen da ba a haifa ba. Da farko Inna na kama shi. "Wannan ƙarya ce, Babba, ba mutumin da ke magana haka." Sai ya gane ƙarya ba ta tsayuwa sai da ƙaramin abu: yadda mutum ke riƙe hula, abin da ya ƙi faɗa. Ya ƙware har Inna ta koma cin abinci. Wanda ta fi so shi ne wani mutum da aka sallama daga aiki bai gaya wa matarsa ba. Kullum sai ya yi wanka ya ɗauki jaka, ya je ya zauna a bencin masu jira na asibiti kamar mai jinya, ya cire takalmi ya tura ƙarƙashin benci, sai lokacin tashi daga aiki ya koma gida yana cewa ya gaji.

Auta ta tambaye shi ko za ta iya ɗaukar mutumin ta sa a littafi. Ya ce, "Ɗauki duka. Waɗannan ba su da uwa ba su da uba, ni na haife su." Ya daɗe bai ji nauyi ya sauka daga ƙirjinsa kamar ranar ba.

Littafi na biyu ya fito. Bayan 'yan makonni, da rana tsaka shago ba kowa, wani dattijo mai kula da sito a wata masana'anta ya shigo. Shekaru a nan ake masa aski, mutum ne da ko a da can ba ya magana. Bai zauna ba.

"Ni dai ban taɓa gaya maka komai ba," in ji shi. "Bin bayana ka yi?"

"Bin bayanka ina, ranka ya daɗe?"

"Asibiti. Har takalmin." Ya ajiye jakarsa a benci. "Matata ta ji a rediyo, ta dube ni, washegari ta biyo ni. A bencin ta same ni, ƙafa ba takalmi."

Mai askin ya dafa kujera. "Wallahi ƙirƙira na yi. Daga kaina na ciro shi."

"To ka je ka gaya mata ƙirƙira ce."

Dattijon ya ɗauki jakarsa ya fita. Mai fenti ya leƙo zai yi ba'arsa, ya ga fuskar mai askin, ya koma.

Da yamma ya faɗa wa Auta a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Wuyan rigarsa wane wari yake yi?"

Zai ce bai sani ba, sai ya tuna. Warin maganin da ake goge daɓen asibiti. Ya tuna mutumin ya koma zuwa aski a lokacin da ya kamata a ce yana wurin aiki, da yadda yakan zare takalmi da zarar ya zauna a bencin shago.

"Ba a ƙirƙira daga iska, Yaya," in ji ta. "Hannunka a kansu yake wuni."

"Babba!" Inna ta kira daga ciki. "Na ji ƙamshinka. Tsayuwar me kake?"

Ya shiga ya zauna a bakin gado. Auta ta bi shi ta ɗauki ƙafar Inna ta ɗora a cinya.

"Yau wa ya zo?"

Ya duba duk mutanen da ke kansa, na gaske da na ƙarya, bai ga wanda zai taɓa ba tare da ya ji wa wani ciwo ba. Mutum ɗaya ya rage wanda ba wanda zai zo shago ya yi ƙorafi a kansa.

"Wani mai aski ne, Inna," in ji shi. "Yana da tsohuwa da ba ta gani, da ƙanwa mai kunnen tsiya."

Inna ta ƙyalƙyale. "Wannan na san shi! Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya faɗi ƙeyar Direba, da masu rufe ido a kujera, da dattijon sito. Bai kwaikwayi muryar kowa ba. Da ya kai ƙarshe Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yanke hukunci ba, hannunsa ta lalubo ta riƙe.

Ya dubi Auta. "Wannan nawa ne. Ki bar min shi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙafar Inna. Ba ta ɗago ba.

"Yaya," in ji ta a hankali, "shi ne littafi na uku. Yana wurin masu bugawa."

Washegari da safe ya buɗe shago kamar kullum. Ya goge madubi, ya kunna fanka, ya kakkaɓe ƙyalle. Mutumin farko ya shigo ya zauna, ya ce a rage masa kaɗan, ya rufe ido.