Masu Dubiya Sun Hana Ni Warkewa

Da girmana na fara gudu, kamar yadda na fara karatu. Makaranta na shiga bayan na aurar da 'yata ta fari. Gudun kuwa likita ce ta jawo min shi, ranar da ta ce sukari ya yi min yawa a jini, in ban motsa jiki ba sai allura. Cewa ta yi in riƙa tafiya. Ni kuma tafiyar sanɗa haushi take ba ni, sai na mayar da ita gudu. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗaure tob ɗina, lafayarmu ta matan Sudan, a ƙugu, in sa takalmin roba, in yi ta zagaya filin ƙwallon unguwarmu a Alsawra, can Omdurman. Da farko mutane sun zaci gobara ce, daga baya suka saba. Duk wannan kafin yaƙi ne.

Wata damina zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Likitar ta ba ni magani, ta ɗaga min yatsa don ta san halina.

"Hajiya, muddin jikinki da zafi, ko akuya ce ta shiga miki kicin kar ki bi ta. In kin gama magani, abinci ya zauna, kin miƙe ba jiri, ki fara da tafiya. In kina iya hira kina tafiya, sai ki ƙara kaɗan. Kika ji ƙirji ya ɗaure, ki tsaya."

Na bi maganarta sau da ƙafa. Na kwanta a kan angareb, gadonmu na igiya, yayata ta taho daga gidanta ta yi jinyata. Zazzaɓi ya sauka, jiri ya tafi. Wata safiya na jawo takalmina daga ƙarƙashin gado, sai Yaya ta taka shi da ƙafa.

"Ina zuwa?"

"Fili. Tafiya kawai zan yi."

"Mutanen Kalakla sun zo ne? Na Aljirif sun zo? Mutum ya hau mota biyu, ya tsallako gada da kaya a hannu, ya tarar da mara lafiya tana yawo a filin ƙwallo? Ni da na buga musu waya na zama maƙaryaciya ke nan. Koma ki kwanta."

A wurinmu haka abin yake. Ciwo ba ya ƙarewa ranar da jiki ya warke, sai ranar da ɗan uwa na ƙarshe ya zo ya ce miki kaffara, wato sannu da jiki, ya sha shayi, ya tafi. Danginmu kuwa tun zamanin kakanninmu da suka taho aikin hajji suka zauna, haihuwa suke yi ba hutu. Babu unguwar da ba mu da wani.

Na kwanta, amma ƙafafuna suna ƙaiƙayi. Sai na ɓullo da dabara. Da Yaya ta fita kasuwa ko ta shiga wanka, sai in tashi in yi ta zagaya tsakar gida, daga randa zuwa gindin darbejiya, ina ƙirga Ƙulhuwa a bayyane don in ji ko numfashina yana isa. Da aka buga ƙofa, sai in faɗa kan gado in ja bargo har wuya.

Ranar da Gwaggo ta zo daga Kalakla, haka ta same ni, gumi sharkaf, ina haki. Ƙanwar mahaifinmu ce, kurma a kunne ɗaya, amma wayarta ba ta hutawa. Ta ɗora min hannu a goshi.

"Innalillahi! Ai ciwon ya dawo. Ku dubi yadda take numfashi!"

"Gwaggo, lafiyata lau. Zagaye nake yi a tsakar gida."

"Kun ji ko? Har ya hau mata kai."

Kafin la'asar labari ya kai Aljirif, ya dawo. Ciwon da ya dawo kuwa sabon ciwo ne, sabuwar dubiya yake so. Waɗanda suka riga suka zo duk suka sake ɗauro tob. Kowa da ledarsa: dabino, lemon kwalba, alawa. Kowace ta zauna a bakin gadona sai ta ga na ci da idonta. In na ce sukari gare ni, sai a ce, "Ɗan wannan? Ai mara lafiya ƙarfi yake nema." Wata ta jiƙa min tsamiya, wai maganin zazzaɓi, ta zuba mata sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki.

Da na koma asibiti, likitar ta duba jinin ta dube ni.

"Hajiya, buhun sukari kika aura? In kika dawo min a haka, allura za mu fara."

Ni duk duniya ba abin da nake tsoro kamar allura. Na dawo gida ina huci. Faɗa ban iya yi da mutanen da suka zo don Allah ba, gaskiya kuma na faɗa an ce zafin ciwo ne.

Rakiyar baƙi ce ta cece ni. Ko Yaya ba ta isa ta hana mutum raka baƙonsa ba. Da wata ƙanwar mijina ta miƙe za ta tafi, sai na miƙe na ɗaukar mata jaka.

"Haba, kwanta abinki!"

"Wallahi sai na taka miki."

Rantsuwa ta gama magana. Ran nan bakin ƙofa na tsaya. Baƙin gaba na kai su kwanar layinmu. Bayan nan har shagon mai burodi, muna tafe muna hira, ina sauraron ƙirjina. A dawowa in ɗan sassarfa, in na ji nauyi in koma tafiya. Wanda ya zo dubiya bai san shi ne mai horar da ni ba. Har na fara jin haushin ranar da ba a yi baƙi ba.

Gwaggo ta sake zuwa, ta zo ganin ko ina da sauran kwana. Na raka ta har babban titi, tana ta cewa in koma kar in faɗi. Muna isa sai ga motar da za ta kai ta cikin Khartoum ta fara tafiya, kwandasta yana rataye a ƙofa. A wannan zafin rana, in ta wuce, sai Gwaggo ta gasu kafin wata ta zo. Ban yi shawara da kowa ba. Na tattare tob, na bi motar, na daki bayanta da tafin hannu har direba ya taka birki. Na tsaya ina jiran jiri, bai zo ba.

Gwaggo ta ƙaraso tana jan ƙafa, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar banza. Ni da ciwon gwiwa kika sa na tsallako gada sau biyu?"

"Ai na gaya miki, Gwaggo."

"Rufe min baki. Ki ce wa yayarki ta dafa balila, dafaffen hatsin nan, a yi sadaka, kin warke."

Tun ba ta zauna ba na hango ta ta taga, waya a kunnen da ke ji. Daga ranar ƙofarmu ta huta. Washegari na koma fili, rabi tafiya rabi gudu, na tsaya tun da sauran ƙarfina. A awo na gaba likitar ba ta ko ambaci allura ba.