Dillalin Shanu da Fuskar Musye Eugène

Mahmudu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ne Ilyasu tela, shagona yana unguwar Yelwa a nan Garwa. Shi kuwa dillalin shanu ne, dogo, baƙi, mai murya kamar ana buga ganga, ga shi da taurin kai na bala'i. Ya girme ni da shekara huɗu, kuma bai taɓa barina na manta da haka ba.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin kanwa, ya ga kogin Binuwai, ya sauke kaya, bai ƙara komawa ba. Mahmudu ne kaɗai a cikinmu ya yi nisa a boko, ya kai aji uku na kolej. Shekarar da darajar sefa ta faɗi, shagon atamfar babansa ya durƙushe, sai ya ajiye littafi ya bi wani tsohon dillali Bafillace zuwa kasuwar shanu ta Adumri. A can ya goge da Fillanci, a can kuma ya yi suna. Sunan nasa a kan abu ɗaya ne: kafin ka buɗe baki ka tambaya, shi zai fara nuna maka aibin dabba. "Wannan san yana ɗingishi da safe, duba ƙafar baya." Masu shanu sun sha zaginsa a kan haka, amma mahauta daga Garwa har Ngong ba sa saye sai ya sa baki. Shi a wurinsa ka'idar duniya ke nan: wanda ya nuna maka aibin kayansa da kansa, to ka riƙe shi, mutumin kirki ne.

A daminar 2017 wani bijimi ya take masa ƙafa wajen loda mota, ƙashi ya karye wuri biyu. Wata uku yana kwance. Mutumin da ya saba da ihun kasuwa, wallahi ya kusa haukata matarsa da mu duka. Mai jinyar da ke zuwa duba ƙafar, Madam Véronique, mutuniyar dutsen Mandara ce da ta iya Hausa kamar a Kano aka haife ta. Ita ce ta gaji da ƙorafinsa, ta karɓi wayarsa ta sa masa wani wasa da ita ma take yi. Ta ce, "Baba Mahmudu, gina gari ka bar mutane su huta."

Sunan wasan na Turawa ne mai karya harshe, mu Ganuwa muke ce masa. Kowa yana da garinsa, yana noma, yana kiwo, yana ɗaga katanga, kuma dole ka shiga ƙungiya, don in an kawo maka hari 'yan ƙungiyarka ne za su turo maka dakaru. Na yi masa dariya har hawaye, na ce ga ƙaton banza mai furfura yana kiwon shanun waya. Bayan sati biyu ni ma na shiga, har na ƙona wa wani alhaji hannun riga da dutsen guga saboda an kawo wa garina hari.

Cikin shekara shida ƙungiyarmu ta kai mutum talatin da huɗu. Akwai direbobin manyan motoci na Meiganga, akwai malamin makaranta, akwai masu sayar da albasa, akwai wani dattijo manomin auduga a Tuboro, Malam Hamadu, wanda sai ya hau tudu bayan gidansa yake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Amma ranar da matar Malam Hamadu ta rasu, mutum biyar daga cikinmu suka hau mota har Tuboro gaisuwa, kuma sati guda muna gadin garinsa a cikin wasan, ba wanda ya taɓa masa ko bulo ɗaya. Wannan shi ne abin da muke da shi, ba katangar waya ba.

Fiye da rabinmu ba sa jin Faransanci sai na kasuwa. Don haka Mahmudu ya zama tafinta. Duk wata kamfanin wasan yakan fitar da bidiyo, mai magana da yawunsu ya yi bayani, shi kuma Mahmudu ya zo shagona bayan la'asar, ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, ya saurara, sannan ya ɗauki muryarsa da Hausa ya tura wa kowa. Mai maganar sunansa Eugène, wani siririn Bature mai gajiyayyun idanu. Abin da ya kama Mahmudu shi ne mutumin ba ya kwana-kwana. In sun ɓata abu, zai ce, "Laifinmu ne, mun yi gaggawa." Ranar farko da Mahmudu ya ji haka sai ya bugi cinyarsa ya ce, "Kai! Wannan da a Adumri yake, da ya yi arziki." Daga nan ya zama Musye Eugène, kamar wani maƙwabcinmu.

A farkon 2023 jita-jita ta taso cewa za a rufe wasan, wai 'yan wasa sun ragu. Madam Véronique ba ta tsaya surutu ba, ta nemo wani sabon wasa irinsa. Amma akwai sharaɗi: a watan farko ne kaɗai ƙungiya za ta iya shiga gaba ɗaya ta zauna a yanki guda. In yankin ya cika, duk wanda ya zo daga baya sai a jefa shi inda aka ga dama, cikin baƙi. Saura kwana goma sha biyu. Ko mu tashi tare yanzu mu bar gine-ginen shekara shida, ko mu zauna, in an rufe mu watse.

Ana cikin haka bidiyon Eugène ya fito. Ina kan keke ina ɗinki, amma kunnena yana wurin. Ya ce gaskiya ne mutane sun ragu, ba zai ɓoye ba. Ya ce gaskiya ne an sallami wasu ma'aikata. Sannan ya dubi kyamara ya ce, "Maganar rufewa kuwa, ni ban ga wata takarda da ta ce haka ba. Da na sani, da na gaya muku."

Mahmudu ya gyara zama, ya danna waya ya ce, "Jama'a, salamu alaikum. Musye Eugène ya yi magana. Ba za a rufe ba. Kowa ya kwantar da hankalinsa."

Na tsayar da keke. Faransancina na tela ne, amma ko ni na ji bambanci. Na ce, "Taubashi, haka ya ce?" Ya ce in ci gaba da ɗinkina, wai da na iya fassara da ban ƙare a bakin allura ba.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga Madam Véronique a kan moto, wato babur, da farar rigar aikinta. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baba Mahmudu, ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi bai ga takarda ba."

"Duk ɗaya ne, Madam."

"Ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Shekara talatin ina kallon fuskar masu ƙarya. Na san yadda idonsu ke yi. Mutumin da ya faɗi aibi biyu da bakinsa, ba wanda ya matsa masa, shi ne zai ɓoye na uku? Haba!"

Ta zauna a bakin benci, ta sassauta murya. Ta ce, "Ni ban ce maƙaryaci ba ne. Ma'aikaci ne, kamar ni. Sau nawa na gaya wa mara lafiya maganinsa zai iso Litinin, don haka aka gaya mini, Litinin ta zo babu? Ban yi ƙarya ba, amma mutumin bai sha magani ba. Kai a kasuwa kana taɓa san da hannunka, kana buɗe bakinsa. Wannan me ka taɓa?"

Maganar ta shige ni, amma shi ko gezau. Ya sake ɗaukar waya, a gabanta, ya ce wa jama'a akwai masu tsoro, ba laifi, amma shi Mahmudu ya tsaya wa wannan mutumin. Ya ce, "In aka rufe, ku kama ni." Kun san me ke nan a bakin dillali. Muryoyi suka yi ta shigowa, wannan ya ce ya yarda, wancan ya ce tunda Mahmudu ya faɗa shi ke nan. Malam Hamadu ya hau tudunsa ya ce, "Useko, Mahmudu, na gode, hankalina ya kwanta." Ni ma da na ji da kunnena, na bi shi, don kunyar in ƙaryata shi a gaban mutane. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan. Madam Véronique ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, ta zauna tare da mu. Kwana goma sha biyu suka wuce.

Wata biyar muna wasanmu lafiya. Mahmudu ya yi ta yi mini gori, kullum ya zo sai ya tambaye ni ko an rufe. Ranar wata Talata, ana tsakar damina, sabon bidiyo ya fito ba a lokacinsa ba. Eugène ne, ya ƙara ramewa. Ya ce za a rufe wasan nan da kwana talatin. Ya ce shi ma jiya aka sanar da shi, kuma aikinsa zai ƙare rana ɗaya da wasan. Ya ba da haƙuri sau uku. In kun tambaye ni, na yarda da shi, ban ga alamar ƙarya a tare da shi ba. To amma me gaskiyarsa ta tsinana mana? Masu kamfanin ba su taɓa nuna mana fuskarsu ba, shi suka tura.

Mahmudu ya fassara wannan karon kalma bayan kalma, bai ƙara ba bai rage ba. A ƙarshe ya ce shi ya ce a zauna, a yafe masa. Ba wanda ya zage shi, kuma da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Muka gwada sabon wasan, aka jefa ni cikin wasu mutane da ban san ko harshensu ba, aka jefa Madam Véronique wani wuri dabam. Direbobin Meiganga suka koma karta. A zauren da muke hira a waya, sai ka buɗe da safe ka ga wane ya fita, wane ya fita. Kafin wata biyu mun koma mu tara.

Yana nan yana zuwa Adumri da sandarsa, mahauta na nan suna nemansa, don su ba ruwansu da Ganuwa. Yana kuma zuwa bencina bayan la'asar. Wata rana muna zaune, saƙon murya ya shigo daga Tuboro. Ana jin iska tana kaɗa wayar, alamar dattijon ya hau tudu. Ya ce, "Mahmudu, jam na, kana lafiya? Gidan ya yi mini shiru tunda aka rufe abin nan. Na ji an ce akwai wasu wasannin. Ka duba mana wanda masu shi ke da gaskiya, ka faɗa mini. Duk wanda ka ce, shi zan shiga."

Mahmudu ya saurara sau biyu. Ya danna zai yi magana, ya saki. Ya sake dannawa, ya yi sallama da wannan babbar muryar tasa. Na sunkuyar da kai kan keke kamar ina neman zare, don ban iya kallonsa ba, tausayinsa ya kama ni sosai.

Da ƙyar ya ce, "Malam Hamadu, ban sani ba. Wallahi ban san yadda ake ganewa ba."