Goron da Bai Iso Ba

Na fi shekara arba'in a Inugu ina sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a Kasuwar Artisan. A duk tsawon nan ba a yi suna ko biki a cikin mutanenmu ban je ba. Ban yi boko ba, amma goro ba ya son karatu. In aka aiko miki da goro biyu da alewa a ƙulle, mai kawowa ta faɗi rana da gida, kin san an gayyace ki.

Sai aka buɗe wa ƙungiyarmu ta mata shafi a dandalin nan na waya, har da matan Anacha da na Fatakwal. Aka yanke cewa mai sha'ani ta sa sanarwa a can, mu tsofaffi marasa irin wannan waya kuma a damƙa goronmu a hannun shugabar ƙungiya, ita ta kai mana.

Wannan shugaba ni na tarbe ta ranar da aka kawo ta garin nan amarya. Abin da ya shiga tsakaninmu bai taka kara ya karya ba. A wani suna ta raba wa sa'o'inta nama kafin dattawa, na gaya mata a gaban mutane cewa ba haka ake yi ba. Ta yi dariya ta ce, "Inna ke nan." Da ma na lura da wannan dariya.

Goro ya ɗauke. Ina zaune a rumfata ina ganin mata suna wucewa cikin anko, a keke, a okada, suna kau da kai. Ban tambayi kowa ba. Inda ba a kira ni ba, ba na zuwa. Haka aka yi shekara biyu.

Wata rana matar wani mahauci ta zo sayen kuka. Bakinta ba ya riƙe magana, shi ya sa nake sonta.

"Inna, an ce kin daina shiga mutane. An ce ko goro aka kai miki sai ki ce ciwon ƙafa."

"Wa ya ce?"

"Ana dai faɗa. Ana kuma cewa Allah ya kai mu bikin jikarki, a ga wanda zai zo."

Jikar nan ni na riƙe ta tun yaye, an kuma sa ranarta bayan Babbar Salla. Na san mutanenmu. Wadda ba ta je na wasu ba, ita da kujeru za ta yi nata.

A makon ne 'yata ta zo daga Fatakwal. Ta fari ce, ba na kama sunanta. Aikin kwamfuta take yi a can, har tana da mutane a ƙarƙashinta. Bayan la'asar na gaya mata. Ta buɗe shafin ƙungiyar, ta yi ta ja da yatsa, ta ce sanarwar ta yi yawa, ta cakuɗe da tallan atamfa da gaisuwar Juma'a.

"Bari in sa na'ura ta tsince mana su."

"Ita ta san mutanenmu ne?"

"Ba sai ta san su ba, Inna. Shafin a buɗe yake ga kowa. Zan rubuta mata umarni: duk inda ta ga sanarwar taro, ta ɗauko ranar da gidan da abin da aka rubuta a ƙasa. Lambar wayar mutane da hotunansu ba ruwanmu."

Na tambaye ta kwana nawa zai ci. Ta ce wasu sun riga sun ƙera kayan aikin sun ajiye ga mai so, ita ɗauka kawai za ta yi ta haɗa. "Kamar ke da daddawa. Ai ba ke kike dafa kalwar ba."

Karon farko abin ya ƙi. Ta ce na'urar ta yi gaggawa, dandalin ya rufe mata ƙofa. Na ce ko a kasuwa mai wawura kora ake yi. Ta sa na'urar ta riƙa ɗauka ɗaya ta huta, ɗaya ta huta. Kafin in gama tankaɗe kuka, ga su jere kamar ɗinki.

Ta karanta mini. Ina jin sunayen gidaje, gidajen da na yi wa uwayensu wankan jego. Taro ashirin da bakwai a Inugu kaɗai. A ƙarƙashin kusan kowanne mai gida ta rubuta: an ba shugaba goron dattawa. Na sa ta maimaita wannan layin sau uku. Ban yi kuka ba. Na ɗebo wake ashirin da bakwai na ƙulle a bakin gyalena.

"Inna, in sa wannan a shafin kowa ya gani?"

"A'a. Wanda ke gaba nake so. Za ta iya faɗin wanda ba a yi ba tukuna?"

Ta ce duk wanda aka sanar. Da ta koma Fatakwal ta bar abin yana zagayawa da kansa, duk Litinin ta kira ƙaramar wayata ta karanta mini na mako.

Na fara da wani suna a bayan mayanka. Da hantsi na isa, da turmin atamfa da sabulu, na zauna inda dattawa ke zama. Kakar jaririn ta riƙe hannuna.

"Inna, yau kin tuna da mu. Ashe goro ya yi rana."

Na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji. "Goro bai iso ba. Ni ce na iso."

Shugaba tana can wajen tukwane da ludayi a hannu. Ta ce, "Ayya Inna, mantuwa ce, abubuwa sun yi mini yawa."

"Allah ya rage miki, Hajiya."

Asabar ta gaba na je wani biki, aka yi mini maraba, na ba da amsa iri ɗaya. Na hau mota har Anacha, na sauka Head Bridge da ƙafata mai ciwo, na nemi gidan walima a bayan masu albasa, can ma na faɗa. Duk inda shugaba ta shiga sai ta tarar da ni zaune. Ban taɓa cewa ta ci goro ba. Masu gida ne suka fara lissafi da kansu, kowacce tana tuna ranar da ta damƙa mata ƙulli. Sauran tsofaffi biyu suka ce su nasu yana isowa. Nan aka gane ni kaɗai aka ware.

Shugaba ta aiko mijinta ya ba ni haƙuri a kasuwa. Na gaishe shi da mutunci, na tambayi shanu da hanya, na ce maganar mata ce.

Da bikin jikata ya matso, 'yata ta ce za ta sa sanarwa a shafin. Na hana. Na sayi goro, na ƙulla da hannuna, na bi gida gida kwana tara. Na Anacha da na Fatakwal na ba direbobin da na sani tun suna karen mota. Na kuma roƙi kowacce kada ta sa a waya.

An zo. Kujerun haya suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Shugaba ta ji labari, ba yadda za a yi ta rasa ji, amma goro bai je mata ba, ita ma ta san abin da hakan ke nufi. Wata ta tambaye ni ina take.

"Na ƙulla nata," na ce. "Abubuwa ne suka yi mini yawa."

Gaskiya na faɗa, na ƙulla. Yana nan cikin kwanon sha a kan kabad ɗina, ya bushe ya yi baƙi, kusa da waken nan. Ranar da ta kawo mini ashirin da bakwai nawa, ta karɓi nata.