Daminar da Dattawa Suka Hau Rumfar Tsaron Masara

Da sunan Allah Mai rahama nake ɗaukar alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa. Bayan haka, ina so in ajiye labarin wata damina, domin waɗanda suka gan ta tare da ni duk sun riga ni komawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gayam, a bakin dajin Birnin Gwari, inda gonar ƙarshe take jingine da kurmi. A zamanin Turawa, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun komo daga babban yaƙi, En'e ta gina mana makarantar elementare, ta jan ƙasa da jinka, aka rataye wani guntun ƙarfe a reshen maɗaci ya zama ƙararrawa. Ni ne limamin gari a lokacin, kuma da hantsi nakan zauna a zaurena in ba dattawa karatun fiƙihu.

Da aka buɗe makarantar, iyaye suka noƙe. Tsoronsu ɗaya ne, kada yaro ya shiga da sallarsa ya fito babu ita. Na bi gida gida na ɗaukar musu alkawari cewa kowace safiya ni zan fara shiga ajin in biya wa yara Alƙur'ani da hukuncin tsarki kafin a taɓa alli, kuma muddin ina raye ba za a ɗauke ɗan kowa daga gaban idona ba. A kan wannan magana suka ba da 'ya'yansu, har da mata 'yan kaɗan. Saboda haka makarantar ta En'e ce, amma amanar a wuyana take.

Daga baya majalisar En'e ta fito da tsari cewa kowace makaranta a naɗa mata kwamitin dattawa da za su riƙa dafa wa hedimasta. A namu aka sa mai gari, da ni, da ardon Fulanin da suka daɗe da zama a gefenmu har suna noma kamar kowa. Hedimastan kuwa saurayi ne ɗan Zariya, mai kunya, mai tsabtar riga, wanda ba ya fara magana sai ya gyara zaman hularsa.

A tsakiyar daminar da nake faɗi, hedimasta ya komo daga babban gari fuskarsa ba walwala, ya roƙi mu taru. Ya ce hankalin majalisa a bana ya karkata ga asibitin sha-ka-tafi da gyaran hanyar mota. Ban ga laifinsu ba, domin mun binne mata da yawa saboda nisan magani. To amma abin da ya rage wa ilimi bai isa ya riƙe kowace makaranta ba. Don haka aka yanke cewa wakilin ilimi na majalisa zai zagaya da kansa kafin kaka. Duk makarantar da ya tarar bencinanta wayam, za a rufe ta, a kwashe 'yan yaran da suka rage zuwa ta babban gari, a ba da su riƙo a can.

Tsakaninmu da babban gari akwai daji da rafin da ke cika ya hana ƙetarewa. Idan aka kwashe yaran, alkawarina ya warware, kuma ba wanda zai sake amsa mini in na ce masa ya ba da ɗansa ga wani alheri.

Kowa a zauren ya san abin da ke kwashe yara daga aji. Da zarar masara ta yi goyo, birai sukan fito daga kurmi garke garke, jajaye da kuma manyan nan masu haushi kamar kare. Maza suna can gonakin dawa na nesa suna noma, mata suna kan aikin gida. Tun kaka da kakanni tsaron masara aikin yara ne: a kafa rumfa bisa dogayen dirkoki a bakin gona, yaro ya hau da majajjawa da gwangwani, ya yini yana ihu. Wanda ya tura ɗansa makaranta a wannan wata, ya yi wa birai noma.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce abin mai sauƙi ne. Labarin doki yakan riga doki isowa. Ranar da aka ji wakili ya taso, sai a aika unguwanni a aro yara a cika bencina, a wanke su a shafa musu mai, baƙo ya gani ya ji daɗi ya tafi. A ganinsa wannan ba ƙarya ba ce, karamci ne, kamar yadda ake aro tabarma da akushi in an yi baƙi. Hedimasta ya sunkuyar da kai, domin aikinsa ne a kan siraɗi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tabarmar aro ba ta shaida. Yaron aro kuwa shaidar zur muka sa shi, kuma a ɗakin da nake koya masa gaskiya da safe."

Ardo, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Allah gafarta Malam, mun ji haramun. To nuna mana halal ɗin da biri zai yarda da ita."

Washegari da hantsi ina zaune a zaure, dattawan da ke ɗaukar karatu sun kewaye ni, na dube su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin fartanya ya ƙare musu, amma muryoyinsu suna nan, wasunsu ma sun fi ƙarfin zauren saboda nauyin kunne. Sai na tambayi kaina, me yaro yake yi a kan rumfa wanda ya wuce zama da ɗaga murya? Mu ma ai zama muke yi muna ɗaga murya. Na rufe littafi na ce musu daga gobe makarantar zaure ta koma bakin daji.

An yi gunaguni. Wani ya ce girma ya faɗi, a ga mai furfura a kan rumfar yara. Na ce masa magabata sun ƙetare sahara don neman mas'ala ɗaya, mu tsani kawai aka ce mu hau. Abin da ya kashe gardamar shi ne mai gari da kansa ya ce a kafa masa tasa rumfar. Samari suka rage wa dirkoki tsawo, suka ɗaura tsani, suka ƙara ciyawa a rufi saboda yayyafi. Yarjejeniyar ita ce, mu riƙe gonaki daga fitowar rana zuwa azahar, yara su tashi daga aji su karɓe mu. Ni kuwa sai na gama biya wa yara karatun safe sannan in bi sawu da gafakata.

Kwanakin farko abin ya yi kyau. Aka raba mu rumfa rumfa, kowa da littafinsa yana bita da ƙarfi. Birai suka tsaya a kan rassan ɗorawa suna kallonmu, ba su saba ganin rawani a wannan wuri ba. Aji ya cika, har hedimasta ya aro turmi aka kifa don wasu su zauna.

Sai dai akwai abin da ban lissafa ba, wato ɗabi'ar mai neman ilimi. Ɗalibi ba ya iya zama nesa da malaminsa yana hango shi da littafi a buɗe. Wannan ya sauko ya zo tambayar kalma ɗaya, wancan ya hango su ya ce kada a yi ba shi. Wata safiya muka shiga babin zakkar amfanin gona, gardama ta kaure a kan ko ana haɗa dawa da gero wajen cika nisabi. Kafin in ankara, dattawan nan duka suna gindin rumfata, har mai gari, kowa yana kawo abin da ya ji daga malaminsa. Daɗin mas'ala ya ɗauke mu. Kukan wata mata ne ya dawo da mu.

Gonarta ce ta ƙarshe ta wajen kurmi. Mijinta ya rasu, ta rage da marayu, kuma babban ɗanta yana aji a wannan sa'a bisa maganata. Da muka isa, masara tana kwance, an ɓare goyo an gatsa an yar. Ba ta zage mu ba. Ta durƙusa ta gaishe mu kamar yadda aka saba, sannan ta ce, "Malam, ni ban san karatu ba. Na dai san ka ce in ba ka yaro, za ka tsare mini gona. Gobe zan karɓi ɗana."

Ardo ne ya tsinci wani ɓawon masara ya jujjuya shi, ya ce cikin sanyin murya, "Kuna can kuna neman nisabi, masu karɓar zakka sun zo sun karɓa ba mudu." Ba wanda ya yi dariya sai daga baya.

A nan take mai gari ya yi hukunci cewa duk wanda ya bar rumfarsa a ranar zai kai mata dami daga rumbunsa in kaka ta yi, ya fara da kansa, ni na biyu. Wannan ya share mata hawaye, amma bai warware matsalar ba. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa tsofaffi ba su iya tsaro ba, wasu iyaye suka fara cewa gobe yaransu za su koma gona. Idan na hana dattawa karatu, ba za su jure zaman rumfa ba. Idan na bar su, za su sake taruwa.

Mafita ta zo mini daga masallaci. A sallar idi, inda sahu ya yi nisa, liman yakan yi kabbara, ladan ya ɗaga, wani a baya ya karɓa ya isar ga na ƙarshe, ba wanda ya bar sahunsa. Na roƙi matar ta ƙara mini kwana kaɗan, ta ce to. Na sa aka matsar da rumfata tsakiya, aka jera sauran yadda kowace tana jin ta kusa da ita. Sai in karanta jumla da Larabci in fassara, na damana da na haguna su ɗaga ta da ƙarfi, na gaba da su su karɓa, har ta kai gonar marayun nan, inda muka ajiye wanda ya fi kowa amo. Mai tambaya kuma ya turo tambayarsa ta wannan hanya, ta biyo baki baki har ta iso ni. Karatu ya yi jinkiri ƙwarai, abin da muke gamawa a zama ɗaya sai ya ci mako. Amma bai taɓa zama a zukatansu kamar na wannan damina ba, domin kowa sai da ya faɗe shi da bakinsa. Birai kuwa suka ga bakin daji ya zama murya ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, suka koma cin 'ya'yan kanya.

Wakili ya iso wata ranar Talata da hantsi, a kan doki, da masinja ɗaya. Bisa al'ada, mai gari da dattawa sukan fita bayan gari su tarye shi. Labari ya zo mana muna kan rumfuna. Mai gari ya turo tambaya ta baki baki, ko a sauka? Na mayar masa cewa shi ne shugaba, amma ya tuna ranar zakka. Bai sauka ba.

Hedimasta ya ba ni labari daga baya cewa wakili ya shiga gari bai ga kowa ba sai awaki, ransa ya ɓaci. Ya shiga aji ya tarar da shi maƙil, ya yi zaton irin cikar nan ce da ya saba gani a wasu wurare. Ya riƙa tsamo yara daga bencin baya yana sa su karatu da lissafi, suna amsawa. Sannan ya tambaya, a fusace kaɗan, ina kwamitin makarantar nan da ba su iya fitowa gaisuwa ba? Hedimasta ya gyara hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, suna bakin aiki. In ka yarda in kai ka."

Muna cikin babin abin da ke warware alwala na hango su tafe ta cikin masara. Wakili dattijo ne da ya yi karatun zaure kafin ya shiga aikin hukuma. Ya tsaya yana sauraron jumla tana tashi daga rumfata tana tafiya har ta ɓace a nesa. Na yunƙura zan sauko, ya ɗaga hannu ya ce in ƙarasa babin. Ya tsaya a rana har na shafa fatiha.

Da muka gaisa, na ba shi haƙurin rashin tarya, na faɗa masa komai, har ɓarnar gonar marayu. Ya tambaya ko za mu iya haka kowace shekara. Na ce masa gaskiya, mu tsofaffi ne, bana muna nan, baɗi sai wanda Allah Ya bari. Abin da zai dawwama shi ne majalisa ta bar kwamitin kowace makaranta ta bakin daji ya sa babban hutu a watan da masara ke goyo, a biya kwanakin da rani. Ya ce ba shi da ikon yankewa shi kaɗai, amma zai kai maganar da bakinsa. Ardo ya ce a gaya wa majalisa kuma, in ana rabon takardar shaida kada a manta da birai, sun kusa sauke babin tsarki. Wakili ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Bayan kaka amsa ta zo. Ba a rufe makarantarmu ba, kuma an yarda da sauya hutun. Rufin kwano da muka roƙa bai samu ba, jinka muka ci gaba da sabuntawa da gayya shekara da shekaru. Matar nan ta karɓi dammunanta, ɗanta ya zauna a aji har ya gama, daga baya shi ne ya riƙa ba da magani a sha-ka-tafin da aka gina.

Ko da hutu ya koma inda muka roƙa, wasu daga cikin dattawan ba su daina fita ba. Sun ce a zaure barci yake ɗaukarsu. Na bi su damina biyu ko uku, har gwiwa ta hana ni tsani. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya sa abin da muka karanta a bakin dajin nan ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba.